Mun Rushe Soro, Mun Gina Tanderu

A bazarar da ta wuce aka yi mana rasuwa, muka yi zaman makoki na kwana uku a gidan kakanmu. Gidan yanzu rabi da rabi ne. Sashen gaba, wato zaure da shigifa da soron marigayi, yana nan yadda aka gina shi da tubali tun kafin a haifi mahaifina. Sashen baya kuwa yayyenmu sun rushe shi shekarun baya, suka tayar da ɗakunan bulo, aka rufa kwano shuɗi, aka shimfiɗa tayil, aka rataya fanka. Falon sabon sashen aka ware wa manyan baƙi, don shi ne wurin fita kunya. Da azahar ta yi, ga shi an ɗauke wuta, sai na ga manyan baƙin nan suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da hularsa a hannu yana fifita, suna komawa zaure suna jingina da bango. Kafin la'asar falon ya koma ma'ajiyar kulolin abinci. Ba wanda ya ce uffan a kan abin. Da aka watse ma, maganar da na tarar kawuna yana yi da ƙannensa ita ce yaushe za a sami hali a rushe zauren shi ma, a huta da gori.

Kalmar gorin nan ita ta tsaya mini a rai. Kawu ya fi kowa sanin ɗakin da ya fi sanyi a gidan, don a zauren yake ƙailula. Idon mutane ne ke damunsa, kada a ce gidan da ya haifi 'yan boko da 'yan kasuwa har yau ƙofarsa ta laka ce. A ganina a nan ciwon gine-ginenmu yake. Mun liƙa wa ƙasa tambarin talauci, mun liƙa wa siminti na arziki, daga nan muka daina tambayar ko gini ya dace da rana da iskar wurin da aka kafa shi, balle a kai ga maganar kyau.

Sanyin zauren nan ba siddabaru ba ne. Katangarsa ta kusa kamu biyu a gindi. Ƙasa mai kauri haka a hankali take shan zafi. Tun hantsi rana ke dukan ta, amma kafin zafin ya ratsa ya iso ciki yamma ta yi, sai ta riƙa sakin sa cikin dare, lokacin da mutanen gida suka baza tabarmi a tsakar gida. Da hunturu kuma ɗakin ya riƙe ɗumi. Rufin yana da tsawo, iska mai zafi ta haye sama ta bar mazauna. Mu kuwa sai mu jera bulo mai rami, mu kifa masa kwanon da minti kaɗan ya ishe shi ya ɗauki wuta, mu sauko da silin har ya kusa taɓa kai, mu sa tagar gilashi mai zugewa wadda rabinta kaɗai ke buɗuwa, mu juya ta ta kalli yamma. Daga nan a sayi na'urar sanyaya ɗaki, a saya wa na'urar janareta, a saya wa janareta mai. Zagaya sababbin unguwannin Kano ko Kaduna ko Katsina ka ga rufin kwano mai tsini, wani har ya fi ginin da ke ɗauke da shi tsawo. Irin wannan rufi na ƙasashen da ƙanƙara ke zuba ne, don ta zame kada ta taru, ko na kurmi inda ruwa ba ya ɗaukewa. Mu da ko a firij sai mun yi wa wuta addu'a kafin ruwa ya daskare.

Abin da ke ba ni dariya da takaici lokaci guda shi ne, a daidai lokacin da muke gudun ƙasa, gine-ginen yankinmu da duniya ke tasowa ta zo kallo da ƙasar aka yi su.

Yaama ƙauye ne a jihar Tawa, a Jamhuriyar Nijar. A 1962 dattawan garin suka yanke shawarar yin masallacin Juma'a, suka ɗora aikin a kan wani maginin garin, Falke Barmu. Jama'a suka yi gayya, wasu na yin tubali, wasu na kawo ruwa, wasu itace. Da farko ɗaki ne kawai mai kusurwa huɗu, ba wani ado. A 1975 ya dawo ya sauya rufin, ya ɗaura masa baka, wato lanƙwasassun itatuwa masu ɗauke rufi, ya yi ƙubba a tsakiya. Tsakanin 1978 da 1982 ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyin, kuma babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta; kowace da irin hawanta da irin tagoginta, sai ka ce 'ya'yan uwa ɗaya da kowa ya ɗauko nasa hali. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin fasahar gini a duniya. Abin lura a nan, Falke Barmu bai tsaya maimaita abin da ya gada ido rufe ba. Shekara ashirin ya yi yana gwaji, yana ƙari, yana sauyawa. Wannan ƙirƙira ce, irin wadda muke zaton sai an je Dubai ake gani.

A jihar Tawan dai, a garin Dandaji, an yi wani aikin da ya fi kusa da halin da muke ciki yau. Tsohon masallacin garin na ƙasa ya fara lalacewa, kuma ya yi wa jama'a kaɗan. Da a wajenmu ne, an san ƙarshen zancen: katafila. Amma Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar da ta bar aikin kwamfuta ta koma karatun zanen gini, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran, sai suka gyara tsohon masallacin suka mayar da shi ɗakin karatu, suka gina sabo babba a gefensa. Da jar ƙasar yankin aka yi bulon, aka matse shi da inji maimakon a gasa. Aka gayyato maginan gargajiya cikin aikin, kuma da yake itace ya yi wuya aka yi amfani da ƙarfe wajen gyaran cikin tsohon ginin. An kammala a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza. Mai zuwa salla sai ya bi ta gaban littattafai, mata kuma suka sami wurin koyon karatu a harabar masallaci. Ita Mariam ɗin ta zana wa garin kasuwa: rumfunan bulon ƙasa, a samansu faya-fayan ƙarfe masu launi iri-iri, wani sama wani ƙasa, suna ba da inuwa kamar ganye a wurin da bishiya ke shan wuya kafin ta girma. Tsohuwar bishiyar da ake cin kasuwa a gindinta kuwa ba a sare ta ba, kewaye ta aka yi da wurin zama. Kada a ce ban faɗa ba, Dandaji mahaifar tsohon shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou ce, ba kowane ƙauye ke da irin wannan gata ba. Amma ai shi ne ma abin dubawa. Garin da yake da hanyar samun marmara da gilashi ya zaɓi ƙasa.

Sai kuma Francis Kere na Burkina Faso, wanda a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci lambar Pritzker, wadda masu zanen gini ke ɗauka tamkar Nobel ɗinsu. An haife shi a ƙauyen Gando a 1965, ya yi karatu a Jamus, ya dawo ya gina wa ƙauyensu firamare a 2001. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa mutanen garin ba su yi murna ba da suka ji da laka zai yi aikin. Ɗansu ya je Turai ya dawo, suna jiran siminti, ya ce ƙasa. Ka ji gorin kawuna a wani harshen. Dabararsa mai sauƙi ce har ta ba ka haushi. Bai jefar da kwano ba, ɗaga shi ya yi sama a kan siraran ƙarafa, ya fito da bakinsa waje sosai ya zama laima, ya kare bango daga ruwa da rana. A ƙarƙashinsa ya yi rufi na biyu na bulon ƙasa mai ƙofofin iska. Zafin aji ya bi ta ƙofofin ya haye, iskar da ke ratsawa tsakanin rufin biyu ta kwashe shi, sabuwa ta shigo ta taga. Ba fanka, ba janareta. A ɗakin karatun makarantar kuma tukwanen ƙasa ya sa aka kawo, irin waɗanda matan garin ke ginawa, aka yanke su aka jera a rufi, haske na saukowa ta cikinsu zagaye-zagaye a ƙasa.

Duk wanda ya san Zariya zai ce, to ai mu ma muna da namu. Gaskiya ne, mun taɓa yi. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya hau mulki a 1834, Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina masallacin Juma'a na birnin, kuma har yau akwai unguwa mai sunansa. Matsalar da magina irinsa suka warware babba ce. Azara, wato tsagin giginya da gara ba ta cika ci ba, gajeriya ce, ba za ta ratsa babban ɗaki ita kaɗai ba. Sai suka riƙa ɗora wata kan wata suna ɗaurewa, suna turo ta gaba kaɗan-kaɗan daga wannan bango da wancan, har su haɗu a sama, a lulluɓe da laka. Shi ne bakan gizo, shi ya haifi ɗaurin guga, wato rufin da bakunan ke haɗuwa a tsakiyarsa. Ba lissafin takarda, amma lissafi ne. Suna da makuba ta shafe bango daga kwasfar ɗorawa, suna da laso da ake haɗawa da katsin marina don kare rufi daga ruwa, suna da indararo, suna da zanko. Me muka yi da wannan gado? A shekarun 1970 aka rufe abin da ya rage na masallacin Babban Gwani cikin sabon ginin kankare. Mai son ganin yadda siffarsa take daga waje, sai dai ya tafi Jos, gidan tarihin gine-ginen gargajiya, ya kalli kwaikwayonsa. Ganuwar Kano kuwa kowa na gani ana cin ta da fili da ɗibar ƙasa.

Na san abin da za a ce mini, kuma masu cewar ba ƙarya suke yi ba. Duk damina sai an ji gidajen ƙasa sun rufta kan mutane, wani lokaci da asarar rai. Ginin ƙasa ɗan lele ne, yana son yaɓe, yana son a duba indararonsa kafin ruwan farko. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ta daɗe a tsaye, amma ai ruwan Agadas ba na Zariya ba ne. Babban masallacin Jenne a Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, yana nan ne saboda duk shekara gari guda ke fitowa a yaɓe shi kamar ranar salla. Mu kuwa gayya ta mutu a birni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yanzu duk hannun da zai taya ka sai ka biya shi. Giginya ta yi ƙaranci. Fili ya tsuke, mai ƙafa hamsin ba zai ba katanga kamu biyu ba. Kududdufan da ke cikin tsofaffin biranenmu ma, masu tara sauro, yawancinsu ramukan ɗibar ƙasar gini ne. Wanda ya tara 'yan kuɗinsa shekara goma ya sayi bulo don ya huta da fargabar Agusta, ba ni da bakin zarginsa.

Sai dai a duba waɗanne gidaje ne ke faɗuwa. Galibi waɗanda ba su da harsashin kirki ne, ruwa ya kwanta a gindinsu saboda an toshe magudana da shara ko an yi gini a kan hanyarsa, ko waɗanda aka shekara biyar ba a taɓa rufinsu ba. Wasu ma shafen siminti aka yi musu a kan laka, ya ɗaure danshi a ciki, bangon ya ruɓe a ɓoye. Kuma benayen kankare da ke ruftawa a biranen Najeriya ba su sa kowa ya ce a daina siminti ba, cewa ake a gyara aiki. Abin da Gando da Dandaji suka nuna shi ne an riga an san gyaran: a yi harsashi da dutse ko kankare a ɗaga shi sama da ƙasa, a matse bulon da inji a sa masa ɗan siminti kaɗan, a yi rufi mai faɗin baki. Injin matse bulon ba baƙo ba ne a Najeriya, cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa ta daɗe tana ƙera irinsa. Masana na cewa sarrafa siminti na fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa, amma ba zan ɓata bakina da wannan hujja a gaban kawu ba. Farashin buhu ya ishe shi wa'azi.

To tunda dabara tana nan, kuma abin da ya rage kunya ce, waye zai cire ta? Ba talaka ba. Rashin adalci ne a ce wa mai ƙaramin ƙarfi shi zai fara, ya zama abin nuni a unguwa. Gini kamar ɗinki yake, daga sama yayinsa ke gangarowa. Ranar da attajirin gari ya gina gidan saukar baƙinsa da matsattsen bulon ƙasa, ranar da aka ga banki ko majalisa ko masallacin Juma'a da jar katanga ba fenti, ranar gorin zai fara mutuwa. Saboda haka nake ganin nauyin yana kan masu gina wa jama'a: gwamnatocin jiha da ƙananan hukumomi, kwamitocin masallatai, masu gina makarantu da asibitoci da kasuwanni.

A fara da aji. Shiga kowace firamaren gwamnati da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu. Ajujuwa uku a jere da ɗan ofis a ƙarshe, zane ɗaya tak da ake miƙa wa ɗan kwangila ko a Sakkwato ko a Kalaba, silin ya ɓarke yana reto, kwano na ƙara don zafi, yara cunkus suna gyangyaɗi, malama ta koma bakin ƙofa tana fifita da littafin rajista. Daga baya a zauna taro a otal mai sanyi ana tambayar me ya sa yara ba sa fahimta. Da jiha ɗaya za ta ce daga cikin ajujuwan da za ta gina bana, goma kacal a ba matasan da suka karanta zanen gini su yi gasa a kansu, da sharaɗin aji ya yi sanyi ba wuta, da an ga abin mamaki. Jami'ar Ahmadu Bello ta shafe shekaru da dama tana yaye irin waɗannan matasa. Da yawansu sun ƙare suna kwafo wa masu kuɗi hoton gidan da suka gani a waya.

Haka abin yake a adon gari. A da fuskar gida allo ce. A Zariya da Kano da Damagaram mai shafe yakan zana dagi da takobi, kuma da zamani ya zo bai ji tsoronsa ba, ya zana keke, ya zana agogo, ya zana jirgin sama a saman ƙofar zaure. Mai wucewa ya sha kallo kyauta. Yau katanga ce doguwa da waya mai ƙaya, sai masallacin da aka manne wa tayil irin na banɗaki tun daga ƙasa har hasumiya. In an tuna da gargajiya, a zuba dagin siminti a liƙa a goshin ginin gilashi, a ce an raya al'ada. Wannan bai fi mutum ya sa kwat ya ɗora rawani ba. Shataletalenmu kuma, in ba ƙwarya da ludayi na kankare ba, to allon talla ne. A watan Yunin 2023 aka rushe ginin shataletalen gaban gidan gwamnatin Kano, wanda aka yi a 2017 don cikar jihar shekara 50. Ba zan shiga rigimar siyasar da ta biyo baya ba. Abin da ya ba ni kunya ni kaina shi ne, na sha zagaya wurin nan a mota, amma sai da ya zama ɓaraguzai na san cewa mace ce ta zana shi, Kaltume Gana. Muna rubuta sunan wanda ya yanke kyalle a jikin allo, mu manta da wanda ya yi tunanin abin. Mutanen Zazzau na da sun fi mu sanin ya kamata, su unguwa guda suka ba magininsu.

Daren kwana ukun, bayan an yi addu'a jama'a sun ragu, na zauna kusa da kawu a dakalin zaure na buɗe masa hotunan Dandaji a wayata. Ya karɓa ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallon cikin masallacin, dogayen ginshiƙai da ƙubbobi da haske na zubowa ta sama.

Ya ce, "Wannan wace ƙasar Larabawa ce?"

Na ce, "Kawu, Nijar ce. Nan arewa da Birnin Ƙonni. Kuma duk abin nan da kake gani ƙasa ce."

Ya sa yatsa biyu ya buɗe hoton, ya kai shi kusa da hanci kamar zai sansana. Ya ce, "Ƙasa dai tamu ta tubali? Ikon Allah." Ya yi shiru. Can ya ce, "To kai ɗan nan, in an ce a yi irin wannan a nan, wa zai yi mana?"

Na buɗe baki ban sami sunan da zan kira ba. Tsohon da ke yi wa zauren yaɓe tun muna yara ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Babban ɗansa yana da shagon sayar da siminti a bakin titi, ƙaramin yana tuƙa adaidaita sahu. Kawu ya miƙo mini wayata, ya ɗaga kai ya dubi bakan gizon da ke samanmu, inda wata 'yar tsaga ta fara bi ta gefen azara. Ya ce a nemo ko ma waye ya toshe ta kafin ruwa ya sauka, maganar rushewa kuma a bar ta sai bayan damina.